Ranar da Zoɓona Ya Taɓa Silin

Shekarata uku ke nan a Freising, wani ƙaramin gari kusa da Munich a ƙasar Jamus. Garin giya ne, ba ɓoye-ɓoye. A kan tudun Weihenstephan har a jami'a ake koyar da dafa ta, in kuma ka ɗan yi arewa sai ka faɗa Hallertau, inda ake noman hops, wata tsiro mai hawa igiya kamar wake, sai dai ita tana kai mita 7. Furenta ne ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ni dai ba na sha, iyakata kallon gonakin ta tagar mota.

Maƙwabcina wani dattijo ne mai ritaya, yana dafa tasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yana da tulunan ƙarfe masu cin lita 19, irin waɗanda asali kamfanonin lemo ke amfani da su. Wata rana na ga ya matsa famfo abu ya fito yana tsirtuwa, sai shaiɗan ɗin kwaɗayi ya raɗa mini: ina ma zoɓo ne? Zoɓo mai gas ranar Sallah, a gaban duk Hausawan da za su zo daga Munich! Dattijo ya ara mini sabon tulu, ya rantse bai taɓa ganin giya ba. Duk da haka sau bakwai na wanke shi, saura ƙiris in haɗa da ƙasa.

Muka dafa zoɓo, muka tace, muka ɗura. Ya sa shi a firjinsa mai sanyin digiri 4, ya haɗa masa bututun gas, ya ce a bar shi mako guda, don iskar ta fi shiga ruwa mai sanyi. Yana ɗaure bututun yana ba ni labarin yadda masu dafa giya ke ƙara hops daga baya don ƙamshi. Ya ce in abu ya riga ya sha gas, duk wani ɗan ɓurɓushi da ya faɗa ciki wurin haihuwar kumfa ne. Saboda haka a ƙulle shi a ƙyalle, a bar tulun da sanyinsa, a ja zoben murfi iska ta fita, a jefa, a rufe kafin ƙiftawar ido. Ina ta “to, to,” amma a raina cewa nake wannan ai matsalar 'yan giya ce. Nawa halal ne.

Daren jajibiri na kawo wa uwargida ɗanɗano a kofi. Ta kurɓa, ta yi shiru, irin shirun nan da ya fi faɗa.

“Malam, ina cittar?”

“Akwai mana.”

“To ta yi tafiya. Wannan ai ruwan ja ne kawai.”

Maganar ta soke ni. Na sauka na rungumo tulun, na hau bene hawa biyu da shi yana jijjiga kamar akuya a bayan babur. Na dire shi a kicin kusa da murhu inda miya ke tafasa, na tafi neman turmi. Kafin in gama daka citta da kanumfari da masoro, tulu ya sha ɗumi ya ƙoshi. Zoben dai na ja, wannan kaɗai na tuna daga huɗubar dattijo. Na buɗe murfi, na ga zoɓo kwance lafiya lau yana 'yan ƙyalƙyali. Na ɗebo garin nan ludayi guda cur, na yi bisimilla na zuba.

Kamar daƙiƙa ɗaya babu abin da ya faru, har na fara murmushin nasara. Sai na ji wani gurnani daga can ƙasan tulun. Jama'a, ban taɓa sanin ruwa na iya tsayuwa da ƙafarsa ba sai ranar. Ja wur ya miƙe ya wuce fuskata ya daki silin, ya dawo kaina kamar ruwan Agusta. Shi kuma murfin nan ba ɗora shi ake yi ba, sai ka karkata shi ka cusa ciki sannan ka jawo shi sama, ga kumfa na turo shi waje. Na danna tafin hannu a bakin tulun, sai ya raba kansa gida biyar ta tsakanin yatsuna, kowane reshe da inda ya nufa. Ɗaya ya sami labule, ɗaya ya faɗa tukunyar miya, ɗaya kuma ya tafi kai tsaye ga farar shaddata da aka goge aka rataye a jikin ƙofa. Garin citta ya shiga idona, ina salati ina atishawa, uwargida kuwa tana bakin ƙofa ta riƙe ciki, wai tana tambaya ko yanzu cittar ta ji.

Ihun ne ya hawo da dattijo, da silifas ɗinsa. Ya dubi silin, ya dube ni, bai ce uffan ba. Ya kama hannuna har ɗakinsa na ƙasa, ya nuna mini sama. Ga wani tabo kore-kore, faɗinsa ya kai faranti. Ashe huɗubar nan ba a littafi ya karanto ta ba. Ya miƙo mini ragowar farin fenti da buroshi.

Abin da ya rage a tulun bai kai lita 6 ba, kuma gas ɗin duk ya gudu, sai zoɓo salin-alin irin na kowa. Baƙi suka sha suna yabon cittar. Idi kuwa da tsohuwar jallabiya na je. Silin na shafe shi sau uku, amma har yau in rana ta shigo ta taga da hantsi, sai ka ga ja-ja yana leƙowa ta ƙarƙashin fentin, mai gidan haya kuma ya ce zai zo duba gida a watan gobe.