Idan aka ce an kira fayil daga sama

Akwai wani iko a hannun babban alƙali da mutane ba su cika sanin da shi ba sai ranar da ya faɗo kan ɗan'uwansu. Ana tsakiyar shari'ar laifi a ƙaramar kotu, a zo ranar zama, magatakarda ya leƙo ya ce an kira fayil ɗin daga sama. Ba dalili, ba sabuwar rana. A tasa ƙeyar wanda ake tuhuma zuwa mota, shaidu su kama hanyar gida.

Ni ban ce a soke ikon nan ba. Dole a samu mai cewa a dakata idan aka gano alƙali surukin mai ƙara ne, ko gari ya ɗauki zafi har ana tsoron a far wa kotu, ko majistare ya riƙe laifin da ya fi ƙarfin huruminsa. Damuwata biyu ce: yaushe ake janyewa, kuma wa aka faɗa wa dalili?

Batun lokaci shi ne babba. Shari'ar laifi idan ta canja hannu bayan an fara jin shaida, galibi daga farko ake komawa, domin sabon alƙali bai ga fuskar mai shaida ba, bai ji inda muryarsa ta yi rawa ba lokacin da lauya ya matsa masa da tambaya. Kafin a sake tara mutanen, wani ya rasu, wani ya ƙaura, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Wanda bai samu beli ba kuwa yana nan a tsare yana ƙirga watanni. Ku tuna shari'ar Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya. An gurfanar da shi a 2007, aka yanke masa ɗaurin shekara 12 a Disamban 2019, sai Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar a Mayun 2020 saboda alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya yanke hukunci. Can ba janye fayil aka yi ba, amma ya nuna yadda tambayar "wane alƙali?" kaɗai take iya share aikin shekaru.

Masu rubuta doka sun san da wannan. A Najeriya, sashe na 98 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba babban alƙali damar sauya wa shari'a kotu domin adalci ko zaman lafiya, amma ya ɗaure masa hannu da zarar masu gabatar da ƙara sun kira shaidu. Idan kuma takardar koke ce ta jawo maganar, sai an ba lauyoyi masu mutunci da ba su wuce uku ba su bincika tukuna. Dokar shari'ar laifuka ta Indiya ta 1973, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2024, ta ba manyan alƙalai ikon dawo da shari'ar da suka miƙa wa na ƙasa da su, ta kuma wajabta musu rubuta dalili. Jamus ce ta fi kowa tsanani. Sashe na 101 na kundin tsarin mulkinta ya ce ba a raba mutum da alƙalin da doka ta ba shi, kuma kotuna kan tsara yadda za a raba shari'o'i tun kafin shekara ta kama, kafin a san wa zai shigo. Ƙasar da ta ga kotunan musamman na zamanin Hitila ba ta wasa da wannan.

Takardar koken nan ma abin dubawa ce. Lauyan da ya hango shari'a ta juya wa wanda yake karewa baya, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rubuta cewa ba su da aminci da alƙali. Ko ba a amince ba, ya sayi watanni. Idan aka amince kuwa, duk majistaren da ke wannan yanki ya ɗauki darasi: taɓa mai uwa a gindin murhu, fayil ya bar teburinka. Talakan da ba shi da lauya bai ma san ana rubuta irin wannan takarda ba.

Abin da nake so ba shi da wuya. Duk fayil ɗin da aka janye, a rubuta dalili a cikinsa, a karanta a buɗaɗɗiyar kotu gaban ɓangarorin biyu, a ji ta bakinsu. A sa ranar da sabuwar kotu za ta zauna a cikin wannan umarnin. Idan wanda ake tuhuma yana tsare, a sake duba belinsa a zaman farko, tunda jinkirin ba daga gare shi ya fito ba.