Silimar Whitestone: ni ta cikin gini na sani, kuma ita nake kewa

Duk ranar da na ɗauko dattijo a tasi muka bi ta titin Bruckner a Bronx da ke birnin Niyok, muka wuce katafaren rumbun ajiye kayan nan da ke kusa da hanyar gadar Whitestone, nakan san hirar da za ta biyo baya. Zai nuna wurin da yatsa ya ce a nan silimar mota take, wadda iyalin Redstone masu harkar silima suka buɗe a 1949, inda mutum zai shigo fili da motarsa, ya rataya ƙaramar lasifika a gilashin taga, yara na kujerar baya sanye da kayan barci, a kalli fim a wani makeken allo ƙarƙashin taurari. Daga nan sai ya yi tsaki, ya ce da aka rushe ta aka gina silima mai ɗakuna da yawa a 1983, daɗin wurin ya tafi.

Ina girmama wannan kewa tasu, domin ni ma na taso ina kallo a Plaza da Marhaba a Kano, inda sararin sama ne rufinmu, iskar dare na kaɗa mu. Amma ban yarda a riƙa raina ginin da ya gaje ta ba, kamar wani ɓarawo ne da ya ƙwace gadon marayu.

Silimar mota ta mai mota ce, alhali fiye da rabin gidajen Bronx ba su da mota. Ba ta da rufi, saboda haka da zarar sanyi ya kama, ƙanƙara ta fara zuba, kasuwarta ta yi sanyi. Ba a kunna fim sai duhu ya yi, a watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa a Niyok sai wajen ƙarfe takwas da rabi, lokacin da mu masu tuƙin dare muka riga muka hau titi neman abinci. Silima irin wannan kuma a kan fili mai faɗin gona, a birnin da ƙasa ke tsada kamar zinare, ba abu ne mai ɗorewa ba. Abin da ya ci irin waɗannan silimu ke nan a faɗin Amurka: tun daga ta farko da Richard Hollingshead ya buɗe a Camden ta jihar New Jersey a 1933, sun haura 4,000 a ƙarshen shekarun 1950, yau kuwa kimanin 300 suka rage.

Sabon ginin, wanda ɗakunansa suka kai 14, shi ya buɗe wa irinmu ƙofa. A can na kai 'ya'yana kallon fim ɗinsu na farko wata Asabar bayan azahar, a tsakiyar Janairu. Ina tuna ƙaramar ta rungume kwalin gugguru da ya kusa fin ta girma, da aka kashe fitilu ta damƙe hannuna, ba ta sake ba sai da hoto ya bayyana. A layin sayen tikiti za ka ji Sifaniyanci, ka ji Turancin Jamaika, wani lokaci ka juya don ka ji ana gaisawa da Hausar Kumasi ko ta Yamai. Mafi yawanmu a bas muka zo, kuma ba wanda ya tambaye mu ina motarmu.

Da aka rufe silimar cikin ginin a 2013 ban ji an yi mata makoki irin na magabaciyarta ba, wannan kuwa yana yi mini ciwo. Shekara talatin ta yi tana tara mutanen unguwa, kusan daidai da shekarun da silimar mota ta yi. Yanzu manyan motocin dakon kaya ne ke shiga da fita a filin, 'yata kuma, wadda ta zama budurwa, a waya take kallon fim ita kaɗai a ɗakinta.