Kiredit biyar ba ya nuna aikin da makaranta ta yi

Duk shekara da sakamakon WAEC da NECO ya fito, tambayar da ake yi a gida ɗaya ce: kashi nawa suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi? Da ita ake yabon firinsifal ko a tsine masa. Wannan awo yana zaluntar makarantun gwamnati, musamman na karkara.

A nan Ingila, a 2016 aka fara aiki da ma'aunin Progress 8, wanda ke auna ci gaban da yaro ya samu a makaranta. Ana ɗaukar makin yaro na ƙarshen firamare, yana ɗan shekara 11, a haɗa da abin da ya ci a darussa takwas na GCSE, jarrabawar kammala sakandare, yana ɗan 16, a ninka makin Turanci da Lissafi. Sai a gwada shi da yaran da suka taso daga mataki ɗaya da shi a faɗin ƙasar. Makarantar da ta karɓi yara masu rauni ta ɗaga su tana iya zarce wadda ta tsince haziƙai tun farko. Shi ma yana da kafa, don an samu makarantun da ke sallamar masu rauni kafin jarrabawa, amma aƙalla an gane dabarar ana bibiyarta.

Mu kuwa a Najeriya, mafarin yaro ba ya shiga lissafinmu. Wanda ya shigo aji ɗaya bai iya karanta jimla ba, malami ya yi fama har ya kai shi D7, makin da ke ƙasa da kiredit kaɗan, an rubuta shi cikin waɗanda suka faɗi. Inda ake kwalifayin a SS2, kamar Kano, an riga an tace ɗalibai kafin gwamnati ta biya musu kuɗin jarrabawa, don haka kason da ake shela bai ƙunshi waɗanda aka bari a baya ba. Ga aji mai cunkoso fiye da arba'in ɗin da tsarin ilimi na ƙasa ya tanada, ga ɗakin gwaji babu sinadari, ɗalibi ba ya taɓa kayan firaktikal sai ana saura mako.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Sakamakon BECE, jarrabawar kammala JSS3, yana nan. Ofishin ilimi na shiyya ya ajiye shi da sunan kowane yaro, ya jera shi da na SS3 bayan shekara uku, darasi-darasi, makaranta-makaranta. A ƙara shafi guda: nawa suka shiga SS1, nawa suka zauna jarrabawa, sauran kuma a wane zango rajista ta daina ganinsu.