A binne wayoyin lantarkin nan mu huta

Kwana uku ba wuta a Montreal, cikin azumi, sannan wani ya shigo min da wai "ai yanayi ne, ba laifin kowa ba." To sannu, masani. Ashe bana aka fara sanyi a Kanada ba mu da labari.

Kowa ya ga abin da ya faru ranar Laraba, 5 ga Afrilu, 2023. Ruwa na sauka yana daskarewa a jikin bishiya, reshe ya yi nauyi ya ɓalle, ya faɗo kan wayar lantarki, shi ke nan. Gida sama da miliyan ɗaya a lardin Quebec, inda Montreal take, cikin duhu. A layinmu reshe ɗaya tak ya yi mana wannan aika-aika. Da fitilar waya na yi sahur, rigar sanyi biyu a jikina, ina kallon tururin bakina a tsakiyar falo.

A binne wayoyin nan a ƙasa. Reshe dai ba ya faɗowa kan abin da ke cikin ƙasa.

Wai akwai tsada. Eh, mun ji, ya ninka kafa turaku sau da yawa. Naman da muka kwashe daga firiza muka zubar fa, kyauta aka ba mu? Wai in ta lalace a ƙasa gano wurin na da wuya. Tsakiyar birni da aka binne tasu, aljanu ke musu gyara?

Kuma ba yau farau ba. A Janairun 1998 irin wannan ƙanƙarar ta durƙusar da manyan turakun ƙarfe kusan 1,000, wasu garuruwan kudu da Montreal suka yi wajen wata guda ba wuta. Shekara 25 ke nan kafin ta 2023. Ni ban ma ce a taɓa manyan layukan ba, na unguwa nake nufi. Da tun lokacin ake binne layi ɗaya-ɗaya duk sanda aka fasa titi don gyaran bututun ruwa, da yanzu ina aka kai?

Wallahi ba don kaina nake wannan faɗan ba, ni da sauran ƙarfina. Tsohuwar da ke ƙasanmu ita kaɗai take zaune, na ƙwanƙwasa mata na same ta a naɗe cikin bargo uku, hannunta kamar ƙanƙara. A binne wayoyin nan.

Shi kuma ƙanena da ya kira daga Kano yana dariya wai ashe NEPA ta biyo ni har nan, ba komai. Sallah na tafe, zan ga wanda zai turo min lambar asusunsa.