Yaron da yake riƙe fitila a lokeshan, yaushe za a yaye shi?

Kullum aka tashi maganar gyaran Kannywood sai kowa ya kama zancen jari, ko hukumar tace finafinai, ko rawa da waƙa. Ni abin da yake ci min rai daban ne, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba: yaran da suke shiga harkar nan daga gidajen talakawa, wa yake koya musu aiki tsakani da Allah? Ba jarumai nake nufi ba, su ai ana ganinsu. Ina maganar yaron da yake ɗaukar jakar kyamara, wanda yake jan waya daga janareta, wanda yake riƙe sandar sauti har hannunsa ya sage, da yarinyar da take rubuta kwantiniti, wato bayanin yadda aka ɗauki kowane sin don kada a samu saɓani, a littafin makaranta. Waɗannan su ne ya kamata su zama daraktoci da editocin gobe, amma da yawansu sai ka ga sun tsufa a wurin da suka fara.

Mu tuna fa, wannan masana'anta ba 'ya'yan masu kuɗi ne suka kafa ta ba. 'Yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne na unguwanni, irin su Tumbin Giwa da suka fitar da Turmin Danya a 1990, da kyamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki da suna. Babu wanda ya je wata makarantar fim, a hannun juna aka koya, kaset ya wuce aka koma CD, ana kai kaya Ƙofar Wambai da Bata 'yan kasuwa suna saye suna rarrabawa har Nijar da Kamaru. A wancan lokacin yaro zai iya shiga ofishin 'yan fim a Zoo Road ta Kano yana shara da aike, a hankali ya zama wani abu, saboda aiki yana da yawa, ana fita lokeshan kusan kullum, ko ba a zaunar da kai an koya maka ba idonka zai koya maka. Yanzu kasuwar CD ta mutu, aikin ya koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kamfanonin da suke aiki a kai a kai sun ragu, kowa ya riƙe mutanensa. To ta ina ɗan mai gadi ko ɗan mai faci zai shiga?

Za a ce min ai muna da tsarin ubangida da yaron gida. E, muna da shi, kuma wallahi ba na raina shi, akwai manya da suka ɗauki yara suka riƙe su kamar 'ya'yan cikinsu, har aure sun yi wa wasu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wurare da yawa abin ya zama hidima kawai babu koyarwa. Yaro zai yi shekaru yana "sannu da zuwa oga", yana wanke mota, yana sayo abinci, amma ranar da aka zauna tace fim a kwamfuta sai a aike shi sayen kati, ranar da ake tsara kasafin kuɗi da mai saka jari ba ya ɗakin, in ya kawo labari a karɓa a ce za a duba, wata rana ya ga abu mai kama da nasa a allo babu sunansa. In ya yi magana a ce ba shi da biyayya. A Kantin Kwari in yaro ya bauta wa ubangidansa na wasu shekaru ana sallamarsa, a ba shi jari ko a buɗe masa shago, a haɗa shi da dilolin da za su ba shi kaya bashi, kuma duk layin sun san ubangidan da ba ya sallamar yaransa, abin kunya ne a gare shi. Me ya sa mu a fim babu wannan kunyar?

Akwai labarin da nake so matasanmu su sani, na Oumarou Ganda ɗan Nijar. An haife shi a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan saurayi aka kai shi yaƙin Indocin a yankin Vietnam ta yanzu, da ya dawo babu aiki sai ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya finafinai, ya saka shi a fim. In da a nan aka tsaya da sai dai a ce wani lebura ya taɓa fitowa a fim ɗin Bature. Amma ya koma Yamai ya shiga ƙungiyar koyon fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, aka koya masa kyamara da tacewa da bada umarni, ya yi nasa fim a kan rayuwarsa ta soja, aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1969, sannan a 1972 ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu. Yau akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai, kuma FESPACO tana bada kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko. Ɗan dako ne fa. Basirar da ma tana jikinsa, abin da ya samu shi ne mutanen da suka damƙa masa kayan aiki suka bar shi ya faɗi labarinsa da bakinsa.

Na san akwai makarantu. Akwai National Film Institute a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a BUK da ABU, akwai MultiChoice Talent Factory da aka fara a 2018 suna ɗaukar matasa su horar da su a Legas kyauta. Duk suna da kyau. Sai dai yaron da nake magana a kai wataƙila sakandare ma da ƙyar ya gama, ko allo da Islamiyya ya yi, fom ɗin da Turanci yake a intanet, ana son ya turo samfurin aikinsa alhali ba shi da laftof, wayarsa ma allonta a fashe yake. Sannan ko kyauta ce, shi ne yake kawo cefane gida, in ya tafi wa zai riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa? Wannan shi ne abin da masu shirya taron bita ba sa lissafawa. A kira bita ta kwana biyu a otal, a raba satifiket da shinkafa a roba, a yi hoto, shi ke nan an "horar da matasa". Wanda ya fi buƙatar bitar ma bai zo ba saboda ranar yana tuƙa Adaidaita Sahu ta wani, dole ya kai balas da yamma.

Shi ya sa ni a ganina duk wani shirin koyarwa da babu kuɗin mota da na abinci a ciki, na 'ya'yan masu hali ne ko da ba a rubuta haka ba. In babban darakta zai ɗauki yaro, ya ɗauke shi da wa'adi sananne, a ce daga yau zuwa ƙarshen wannan zangon za ka zauna kusa da edita, za ka karanta sikirif tare da ni in nuna maka me ya sa na yanke wannan sin ɗin, za a biya ka ko kaɗan ne, sunanka zai fito a ƙarshen fim da aikin da ka yi na gaskiya. In wa'adin ya cika a ara masa kyamara da fitilu na kwana biyu ko uku ya yi gajeren fim nasa, ubangidan ya ɗora a tasharsa mai ɗimbin mabiya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don YouTube ba ta fara biyanka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, yaron da yake sayen data ta ɗari biyar biyar yaushe zai kai can shi kaɗai? Ga babban kamfani kuwa ɗora fim ɗin minti goma ba zai rage shi da komai ba.

Batun mata kuma ya fi tsanani. Yarinya 'yar talaka in ta ce tana son fim kowa ɗauka yake fitowa take son yi, babu mai tunanin za ta iya zama edita ko mai ɗaukar hoto ko marubuciya, alhali matan nan su ne suka riƙe adabin kasuwar Kano da littattafansu tun shekarun 1980. Iyayenta ba za su bar ta ta bi wani namiji lokeshan har dare ba, kuma suna da gaskiyarsu. Manyan matan da suka kafa kamfanoninsu su ne za su iya buɗe wannan ƙofar, su je har gida su gaida iyaye su ce a ba ni amanarta, ga inda za ta zauna, ga lokacin da za ta dawo.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, mutumin da ya san Kannywood ciki da bai, kuma makarantar Jos a ƙarƙashin hukumar take. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Kano sun san duk kamfanin da yake da rajista. Ba sai an jira wani ƙauyen fim ba irin wanda aka so ginawa a Kofa a 2016 aka fasa. A fara da kamfanonin da suke aiki yanzu, kowanne ya rubuta sunayen yara biyu da ya ɗauka da aikin da zai koya musu da ranar da zai sallame su, malaman Jos su riƙa zuwa Kano da Kaduna suna koyarwa da Hausa a ƙarshen mako, a ware wani abu na kuɗin motar yaran. In shekara ta zagayo a haɗa gajerun finafinan da suka yi a nuna su a bikin finafinai na Zuma ko na KILAF, a gayyato iyayensu su zo su gani.