Ƙirgen goma ya fi jinin keji ba ni tsoro

Tun da na koma Ingila da zama nake leƙa wani zauren horon dambe da ke kusa da masaukina, kuma gardamar da ba ta ƙarewa a wurin ita ce, tsakanin boksin da faɗan keji, wato MMA, wanne ya fi cin jikin mai yinsa. Yawanci da ido ake yanke hukunci. Mutum zai ga gwiwar hannu ta tsaga goshi, ko ya tuna yadda ƙaurin ɗan faɗan keji Anderson Silva ya karye a 2013, sai ya ce magana ta ƙare. Ni kuwa boksin nake ɗora wa laifi mafi girma, domin ɓarnarsa a cikin kai take, inda babu ɗinki babu ɗori.

Damben kambu a boksin zagaye 12 ne na minti uku-uku, kuma akasarin naushin kai ake nufa da shi. Safar nan mai kauri yatsu take karewa, shi ya sa ake iya dukan mutum fiye da rabin sa'a hannu bai gaza ba. A keji akwai kokawa da shaƙa da murɗa gaɓa, wanda ya ji wuya kuma yana iya buga tafin hannu ya sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirge. An kayar da ɗan dambe, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, amma muddin ya miƙe kafin alkalin wasa ya kai goma, sai a goge masa safa a sake tura shi gaban wanda ya kayar da shi. Wani bincike na Jami'ar Alberta da ke Kanada, wanda ya fito a 2015, ya nuna 'yan keji sun fi yawan jin rauni, galibi ƙurjewa da tsagewar fata, amma 'yan boksin sun fi suma: kashi 7.1 cikin ɗari, a kan 4.2.

Akwai wani dattijo a zauren da yake naɗe wa samari hannu. Fuskarsa sumul take, sai dai yakan tambaye ni sunana sau biyu a zama ɗaya, maganarsa kuma tana jan ƙafa. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana irin wannan lalura a jikin tsofaffin 'yan dambe.

Ba wanke keji nake yi ba. A can ana bin wanda ya faɗi da naushi kafin alkali ya shiga tsakani, sannan sai a 1993 aka fara UFC, babbar gasar faɗan keji, wato yanzu ne 'yan farko suke tsufa. Gary Goodridge, wanda ya haɗa keji da damben shuri, bai kai shekara 50 ba likitoci suka gano ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.