Taragon talaka a jirgin da muke jira

Damagaram ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma miƙe zuwa Nguru a 1930, abin da ya haɗa mu da shi bai wuce gyaɗar Magarya da Matamaye da ake lodawa a manyan motoci a kai masa can ba. Layin Yamai zuwa Doso, mai kilomita kusan 140, an gama shimfiɗa shi a 2016, amma har yau ba ya jigilar fasinja. Shi ya sa ido ya koma kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda Muhammadu Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kuma zai bi ta Daura, tashar da za ta fi kusa da mu idan aka bi ta Kwangwalam. Manya suna ta lissafin kwantena da tashar ruwan Legas. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne irin taragon da za a tanada wa mai ƙaramin ƙarfi.

Kwanakin baya, bayan sallar asuba, na tarar da wata dattijuwa daga Mirya a tashar mota, ta jera tuluna shida da ta naɗe da tsumma da ciyawa. Kuɗin kujerarta yana ƙulle a bakin zane, amma da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin kaya sai ya zarce na kujerar. Ta ce, “Haba ɗana, ai ribar ke nan gaba ɗaya.” Ya ce, “Inna, mai ne ya yi tsada, ba ni ba ne.” Babu maƙaryaci a cikinsu. Jirgin da ba zai ɗauki wannan baiwar Allah da tulunanta a kan kuɗin da bai kai na mota ba, bai taɓa rayuwar yawancin mutanen jihar nan ba, komai kyawun fentinsa.

Tarihi ya nuna cewa kamfanonin dogo ba sa kyautata wa talaka don ganin dama. A Ingila, farkon taragon aji na uku ko rufi ba shi da shi, ruwa da hayaƙi suna sauka a kan mutane, sai da majalisa ta yi doka a 1844 ta wajabta wa kamfanoni fitar da jirgi aƙalla ɗaya kowace rana, mai rufi da wurin zama, a kan kwabo ɗaya kowane mil. Wani injiniyan Faransa, Jules Dupuit, ya fallasa dalilin tun 1849: rufin ba shi da wata tsada, ana ƙuntata wa na ƙasa ne don kada mai hali ya yi sha'awar sauko masa. Wannan dabara ba ta mutu ba, kuma ita ya kamata hukumominmu su toshe tun yarjejeniya tana kan takarda, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙasar Sin, duk da jiragenta masu gudun tsiya, ba ta soke ajin da suke kira “kujera mai tauri” ba. Kujeru ne masu miƙaƙƙen baya, suna fuskantar juna, uku a gefe ɗaya biyu a ɗayan, mutum fiye da ɗari a tarago, ga ruwan zafi kyauta a ƙarshensa. Babu mai cewa akwai daɗi a kwana zaune a cikinsa, amma shi yake kai leburori da ɗalibai gida. A tsaunukan lardin Sichuan ma akwai jirgi mai tafiyar hawainiya da yake tsayawa a ƙananan tashoshi, mafi ƙarancin kuɗinsa yuwan 2, manoma suna shiga da kaji da awaki.

Za a ce irin wannan tarago asara ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kuɗin fasinja da wuya ya riƙe dogo. Sai dai idan da dukiyar jama'a aka shimfiɗa layi, ba zalunci ba ne a ɗebi wani abu daga ribar dakon siminti da mai da albasa a rufe gurbin. Abin da nake tsoro shi ne a kwaikwayi tsarin Abuja zuwa Kaduna ido rufe: kujeru masu laushi, na'urar sanyaya ɗaki, tikiti ta intanet. Wannan ya dace da ma'aikaci mai 'yar jakar hannu, amma dattijuwar Mirya ba ta da babbar waya, kuma kayanta ba sa shiga ƙarƙashin kujera.

Buƙatunmu ba su da yawa. A sayar da tikiti a taga, da sefa ko da naira, tunda jirgin zai ƙetare iyaka. A ware gefen tarago don buhu da kwando, a rubuta kuɗin kaya a allo yadda babu mai ƙara ko dala. A samar da ruwan sha da na alwala, da makewayi mai aiki, da kujerun da mata masu goyo za su zauna ba tare da cuɗanya ba. Waɗannan ne ya kamata 'yan kasuwar Damagaram da ƙungiyoyin farar hula su kai gaban hukumar sufuri yanzu, kafin a yi odar taragun.